Yadda ɗan zango zai nemi kwangilar sojoji ba tare da ɗan goro ya wanke shi ba

A wajen shan atayarmu nan Aboabo a Kumasi babu daren da za ai ba a yi gardamar Burkina da Mali ba, kowa ya zama janar, wannan ya ce jirgin Turkiyya marar matuƙi ya fi, wancan ya ce a'a kayan Rasha sun fi ƙwari, har sai gawayi ya mutu. Ni dai fata da sol da gam nake sayarwa, ban san kan bindiga ba, abin da na sani shi ne duk sojan da ka gani a tsaye akwai but a ƙafarsa, akwai bel a ƙugunsa, kuma da safe sai ya karya kumallo. Wani ne ya kawo waɗannan kayan aka biya shi. To me ya hana wannan wanin ya zama ɗan Aboabo ko Asawase ko Sabon Zango?

Kafin mu shiga yadda ake yi, ka fara gane dalilin da ya sa maganar kuɗin tsaro ta yi zafi yanzu. Tun 2017 Ghana da Benin da Togo da Kodibuwa da Burkina Faso suka kafa haɗin gwiwar nan da ake kira Accra Initiative don tare 'yan bindigar Sahel kada su gangaro bakin teku. Sai juyin mulki ya zo, Mali da Burkina da Nijar suka haɗa nasu ƙawancen na AES a 2023, suka bar ECOWAS gaba ɗaya a Janairun 2025. Wanda ke jiran lorin albasa daga Nijar ko tumatir da shanu daga Burkina ba sai an ba shi labari ba, a aljihunsa ya ji. A Oktoban 2023 Tarayyar Turai ta ba Ghana motoci masu sulke 105. Sannan ga hatsarin jirgi mai saukar ungulu na ranar 6 ga Agustan 2025 a hanyar Obuasi, wanda ya ci ministan tsaro Edward Omane Boamah da ministan muhalli Ibrahim Murtala Muhammed da wasu mutum shida, Allah ya jiƙan musulminsu, tun daga nan kowa ke tambaya wane irin kaya sojojinmu ke aiki da su. Duniya gaba ɗaya ta kashe sama da dala tiriliyan 2.7 a harkar soja a 2024, Ghana kuwa abin da take kashewa bai kai kashi 1 cikin 100 na tattalin arzikinta ba, ga kuma igiyar bashin IMF da ta shiga wuya a 2023. Wato kuɗin ba mai yawa ba ne, kuma manyan kayan, jirgi da mota mai sulke da harsashi, daga waje suke zuwa, gwamnati da gwamnati ko da manyan kamfanoni. Wannan cire ranka. Namu shi ne abin da ya saura, kuma abin da ya saura ɗin ba kaɗan ba ne: abinci, ɗinki, takalmi, katifa, sabulu, taya, gyaran mota, fenti, gini.

Farko ka san abin da kake iyawa da gaske, ka tsaya a kansa. Kada mai sayar da masara ya ji ana neman tayoyi ya ce shi ma zai kawo. Mu nan Kumasi ma Allah ya yi mana gata, masana'antar takalman nan ta wajen Atonsu wadda aka gina tun zamanin Nkrumah, ta mutu shekaru, sojoji suka farfaɗo da ita ƙarƙashin kamfaninsu DIHOC tare da wani kamfanin ƙasar Cek, but ɗin jami'an tsaro take yi. Kamar dai yadda Najeriya ke da DICON a Kaduna tun 1964, sai dai su can sun fi ƙarfi a makamai. Ga Magazin ɗin Suame, unguwar makanikai, inda babu injin da zai gagara. Masana'anta ko babban ɗan kwangila dole ya sayi fata da zare da kwali a hannun wani, shi ya sa nake cewa ka fara da zama wannan wanin, ka yi ta kai wa wanda ya riga ya ci kwangila kaya, kana karɓar rasit da takardar shaidar cewa ka kai kuma kayan sun yi. Waɗannan takardun su ne za su yi maka magana gobe idan an tambaye ka wane aiki ka taɓa yi.

Yanzu takardu, wanda nan ne yawancinmu muke faɗuwa. Mu 'yan zango kasuwancinmu na amana ne, Alhaji zai ba ka kayan sidi dubu ɗari da baki kawai, kai ma ka mayar da baki kawai, to gwamnati ba ta san wannan ba, in babu takarda babu kai. Ka je ofishin rajistar kamfanoni, ORC, da katinka na Ghana Card da lambar adireshin GPS ta shagonka. In kai kaɗai ne za ka iya rajistar sunan kasuwanci kawai, shi ya fi sauƙi da araha, kuma duk shekara ake sabuntawa. In kuna son kamfani sosai to sai da daraktoci aƙalla biyu da sakatare da mai binciken lissafi. Shawarata in kuna da niyyar haɗa jari ku uku ko huɗu, ku yi kamfanin, a rubuta kason kowa tun ana dariya. Kuma wajen rubuta irin sana'ar da kamfanin zai yi ka kula, abin da ka rubuta shi za a duba, in ka rubuta ɗinki kawai ka zo neman kawo shinkafa za a ce ba layinka ba ne.

Daga nan GRA, hukumar haraji. Lambar Ghana Card ɗinka ita ce lambar harajinka kai mutum ɗaya, kamfani kuma yana da tasa. Abin da kake buƙata shi ne satifiket ɗin da ke nuna ba a bin ka haraji, sai irinsa daga SSNIT mai nuna kana biya wa ma'aikatanka kuɗin fansho, sai rajistar harajin VAT in cinikinka ya kai. In abinci ne ka nemi takardar FDA, hukumar abinci da magunguna. Ka buɗe asusun banki da sunan kasuwancin, ba momo, wato asusun kuɗin waya, na matarka ba. Da waɗannan a hannu sai ka yi rajista a matsayin mai kawo kaya a wajen hukumar PPA mai sa ido kan sayayyar gwamnati, wadda dokar sayayyar gwamnati ta 2003, Act 663, ta kafa, aka yi wa dokar gyara a 2016. Sai ka shiga GHANEPS, shafin intanet ɗin da aka buɗe a 2019 inda ma'aikatu ke saka abin da suke son saya. In kwamfuta na ba ka ciwon kai ka kama ɗanka ko ɗan ƙanwarka da ya gama sakandare, amma imel da lambar sirri su zama naka, kada ka bar su a hannun yaron kafe.

Abu ɗaya da ya taɓa ƙona ni: satifiket ɗin haraji da na SSNIT suna da wa'adi, ba na har abada ba ne. Na taɓa kwana uku ina haɗa takardun wani aiki na wata ma'aikata, na kai samfur ɗin bel guda biyu na naɗe su cikin leda kamar kayan lefe, farashina ma na san ya yi, ashe satifiket ɗaya ya mutu da 'yan kwanaki ban duba ba. Ko farashin ba a kai ga aunawa ba aka ajiye ni gefe. Da na dawo kawuna yana zaune kan buzunsa yana jan carbi ya ce, ɗana, ka yi wanka ka manta da wanke ƙafa. Na ce wallahi kawu haka ne. Tun daga ranar na rubuta ranar mutuwar kowace takarda da maka a jikin kalandar shago, kusa da lokutan salla.

Sai neman aikin kansa. Abin da 'yan kwangila ke kira tanda, ba tandar masa ba, iri-iri ce. Akwai wadda ake buɗe wa kowa, a buga a GHANEPS da jaridu irin Daily Graphic da Ghanaian Times. Akwai wadda ake gayyatar kamfanoni 'yan kaɗan. Akwai wadda ake ba mutum ɗaya kai tsaye, wannan sai da izinin PPA, kuma doka ta yarda da ita in abin ya shafi tsaron ƙasa, shi ya sa za ka ga sayayyar sojoji da yawa ba ta fitowa fili, kada ka ɓata lokacinka kana jin haushi. Wadda ta dace da ƙaramin ɗan kasuwa ita ce ta ƙananan kaya, inda ofis ke neman takardar farashi daga mutum aƙalla uku ya zaɓi ɗaya. Don a tuna da kai a irin wannan sai sunanka yana cikin jerin masu kawo musu kaya, saboda haka ka rubuta wasiƙar gabatar da kai a takarda mai tambarin kasuwancinka, ka haɗa kofen takardunka, ka kai sashen sayayya. Hedikwatar sojoji tana Burma Camp a Accra, can manyan sayayya suke, amma nan Kumasi ma akwai barikin Uaddara da na Idris. Kuma kada ka tsaya kan soja kaɗai, 'yan sanda, imigireshan, gandiroba, 'yan kwana-kwana duk but suke sawa, duk dokar sayayya ɗaya ce.

In ka samu takardar tanda ka karanta ta daga farko har ƙarshe, in turancin ya yi kauri ka biya wanda ya iya ya zauna da kai. In sun ce fata mai kauri kaza to kaza ɗin, ba wadda ta fi ta ba ma, balle wadda ba ta kai ba. Sau da yawa ana raba aikin kashi-kashi, ka ɗauki kashi ɗaya da ƙarfinka zai iya. Wasu za su nemi takardar lamuni daga banki ko kamfanin inshora, wannan tana cin kwanaki, ka fara nemanta da wuri. Lokacin rufewa kuwa babu Allah ya ba ka haƙuri, in ka makara da minti ɗaya shike nan, kuma kada ka jira ranar ƙarshe ka loda a intanet don ranar ce netwok zai yi maka tsiya. Ranar buɗewa kana da damar halarta, ka je, za a karanta sunan kowa da farashinsa, ka rubuta a littafi. Ko ba ka ci ba ka san kasuwa. In kuma ka ga an yi maka ba daidai ba, doka ta ba ka damar kai ƙorafi a rubuce wajen shugaban ma'aikatar, in ba ka gamsu ba ka wuce PPA.

Maganar ɗan goro, wato dillalin bogi mai karɓar kuɗi ya ce zai shigar da kai. Sunan ma daga bakinmu mu Hausawa sauran 'yan Ghana suka ɗauka, abin kunya abin dariya. Zai zo da takalmi mai sheƙi da fayil a hammata, ya ce yayansa kanar ne, ka kawo wani abu a saka sunanka. Ni ma na taɓa ba wani, kuɗin da na tara don sayen keken ɗinkin fata, har yau wayarsa a kashe. Duk kuɗin da za ka biya na gaskiya akwai rasit ɗin gwamnati a kansa. Kuma cin hanci in ya tonu ba kuɗin kawai ka rasa ba, PPA na iya hana kamfaninka neman aikin gwamnati.

Wajen saka farashi ka yi lissafi da idon basira. Gwamnati na cire harajinta tun kafin kuɗin ya iso ka, kashi 3 cikin 100 a kan kaya, 5 a aikin gini, 7.5 a aikin hidima, wato in ka kai kayan sidi 100,000 ka san 3,000 ba za su shigo asusunka ba, ka karɓi takardar shaidar cirewar don za ta rage maka haraji daga baya. Sannan biya na iya jinkiri, watanni, sidi kuma kowa ya ga yadda ta faɗi a gaban dala a 2022, wanda ya saka farashin sol da gam na watan Janairu ya zo saye a Oktoba ya san abin da nake nufi. Kada ka ci bashi mai ruwa don kwangila, kada kuma ka zuba duk jarin shago. In adashi za ku haɗa ku gaya wa juna gaskiya cewa kuɗin zai daɗe.

Kada ka ɗaga ko buhu ɗaya sai ka riƙe takardar odar saye wadda ta fito daga GIFMIS, tsarin kwamfutar da gwamnati ke biyan kuɗi da shi. Oga ya ce maka a waya kawo kawai za mu gyara takarda daga baya, ka ce ranka ya daɗe ina jiran takardar, cikin ladabi, don gobe ana iya canza masa wajen aiki kai kuma ka zauna da bashin da babu mai shi. Ranar kai kaya ka tsaya a sito a ƙirga a gabanka, mai sito ya sa hannu ya buga hatimi a webil, takardar kai kaya, ka ɗauki hoton kowace takarda da wayarka kafin ka fita get.

Teloli kuma, dan Allah, doka tun 1967 ta hana farar hula amfani da kakin soja ba da izini ba. In an ba ka ɗinki yadi ya saura ka mayar, kada ka ɗinka wa ɗanka wandon salla da shi ko ka kai kasuwar Kejetia. A Nuwamba ministan kuɗi yakan karanta kasafin shekara mai zuwa a majalisa, bayan nan ma'aikatu ke tsara abin da za su saya, to ka sa takardunka su zama a raye kafin lokacin. Nawa na SSNIT saura sati uku, Litinin in sha Allah ni da ɗan ƙanwata za mu sammaka ofishinsu na Adum kafin layi ya yi tsawo.