In sikanin ya nuna ƙullutu a maƙogwaro, ga yadda za ka yi

Mu nan Gombe da an ce kansa, wato ciwon daji, shikenan gida ya rikice, wannan ya ce a cire kawai a huta, wancan ya ce a tafi wajen mai magani. Inna ta riƙe takardar sikanin hannu na rawa, alhali ba abin da ke mata ciwo.

Da farko dai ka natsu. Yawancin ƙullutun tayrod, wato ƙaramar gaɓar nan da ke gaban wuya ƙasan maƙogwaro, ba kansa ba ne, ko wanda yake kansar ma akwai ƙanana da ba sa girma har mutum ya tsufa. A Koriya ta Kudu sun yi ta sikanin masu lafiya, daga 1993 zuwa 2011 waɗanda aka gano da kansar tayrod suka ninka sau 15, aka yi ta tiyata amma yawan mace-mace bai canza ba.

In ka je wajen likita, misali a FTH, asibitin koyarwa na tarayya da ke Gombe, tambaye shi girmansa nawa ne, sannan sai an ɗebi samfuri da allura ko a'a. In bai wuce santimita 1 ba ka ce likita, za a iya sa ido kawai? Wani asibiti mai suna Kuma a Japan tun 1993 suke sa ido kawai kan irin waɗannan ƙananan kansar. Ka tambaya da kyau don Allah, wanda aka cire wa tayrod duka zai sha magani kullum har ƙarshen rayuwa.

Amma fa in murya ta dishe, ko haɗiya na wahala, ko ƙullutun na girma da sauri, kar ka jira, kar kuma wanzami ya taɓa wurin.