Darasi na 7: Yadda Za a Kare Kajin Gida Daga Hankaka

Hankaka ba ya zuwa gida don banza. In kun ga ya maimaita sauka a kan katanga ko bishiyar da ke kusa da akurki, to ya taɓa samun abinci a wurin. Abu uku yake nema: ƙwai, 'yan tsaki, da tsabar da aka zuba wa kaji. Babbar kaza mai lafiya ta fi ƙarfinsa, sai dai in tana ciwo ko ta ji rauni. Ba banza Hausawa suka ce "hankaka mai da ɗan wani naka" ba.

Hankaki iri-iri ne. Akwai mai farin ƙirji, akwai baƙi wuluk, akwai kuma wani babba mai kaurin baki wanda nauyinsa kan wuce kilo 1. Duk halinsu ɗaya ne a gidan mai kiwo, kuma hanyar kariya ɗaya ce.

Ku fara gane ɓarawon

Kafin ku ɗora wa hankaka laifi, ku duba alama. Hankaka da rana yake aiki. In tsako ya ɓace cikin dare, ku nemi muzuru, gafiya ko maciji. In da rana ne, zai iya zama hankaka, shaho ko shirwa. Shaho kan faɗo daga sama kamar kibiya ya sure ya wuce. Hankaka kuwa sauka yake yi, ya taka a ƙasa, ya jira uwa ta juya baya. Wani lokaci su biyu suke zuwa, ɗaya ya ɗauke hankalin kaza, ɗayan ya ɗauki tsako.

A wajen ƙwai, hankaka kan huda shi a gefe ya shanye, ko ya ɗauke shi ɗungurungum a baki ya tafi da shi. Sau da yawa za ku tsinci ɓawon a gindin bishiya ko a kan rufi, nesa da inda kaza ta saka shi. In kuwa kun tarar da ɓawo a cikin akwatin ƙwai, ga gwaiduwa a bakin wata kaza, to kazar ce take fasa ƙwai da kanta.

Tsuntsu ne mai riƙe abu a kai

Wannan shi ne abin da ya kamata mai kiwo ya fi kula da shi. Hankaka yana koyo, yana tunawa, kuma 'yan uwansa suna koyo daga gare shi. A shekarar 2006, masu bincike a Jami'ar Washington da ke Amurka sun sa wani abin rufe fuska, suka kama hankaki, suka sa musu zobe a ƙafa, suka sake su. Bayan shekaru, duk wanda ya sa wannan fuskar ya ratsa wurin sai hankaki su bi shi da ihu, har da waɗanda ba a taɓa kamawa ba.

Tsuntsun da ke gane fuskar mutum ba zai kasa gane lokacin da kuke fita daga gida ba. Yana jin kyarkyarar kaza in ta saka ƙwai, ya kuma san ma'anarta. Shi ya sa kora kaɗai ba ta isa. Kuna jifa, zai tashi ya koma bishiya, kuna shiga ɗaki ya dawo. Abin da ke raba ku da shi shi ne ya zo sau da yawa ya koma da yunwa.

Kare ƙwai

Kada ku bar kaji suna saka ƙwai a fili, a bayan ɗaki ko cikin ciyawa. Ku yi musu akwatin ƙwai a cikin akurki. Faɗinsa, tsawonsa da zurfinsa su kai kamar santimita 30, kuma akwati ɗaya ya ishi kaji 4 ko 5. Ku rataya tsohon buhu a bakinsa ya zama labule. Kaza tana son wuri mai duhu-duhu, hankaka kuwa yana shakkar shiga inda ba ya ganin hanyar fita.

Yawancin kaji da safe suke saka ƙwai. Don haka ku bar su a akurki har hantsi ya ɗaga, sannan ku buɗe musu. Ku kwashe ƙwai sau 2 a rana, ɗaya kafin rana ta take, ɗaya da yamma. Wannan ba ya cin ko sisi, kuma a ganina shi ne rabin aikin. Kazar da ke kwanci tana yin kwana 21, agwagwa kuma kwana 28 zuwa 35, gwargwadon irinta. Duk tsawon kwanakin nan ku ajiye mata ruwa da abinci kusa da ita, don kada ta yi nisa ta bar ƙwai a buɗe.

Kare 'yan tsaki

Makonni 6 na farko su ne masu haɗari. Ku killace uwa da 'ya'yanta a wuri mai rufi. Shinge kaɗai ba ya hana mai fiffike, dole ne a rufe sama. Ragar waya ta fi kyau, kuma idonta kada ya wuce santimita 2 da rabi, don kada tsako ya fita, kada baki ya zuro. Ku ɗaure ta sosai a kowace kusurwa, domin hankaka zai zagaya ya gwada ko'ina. In babu raga, babban kwando mai saƙa da aka kife ya isa, a danne shi da dutse, a riƙa matsar da shi zuwa wuri mai tsabta da inuwa.

In filin ya yi faɗi, ku ja igiyoyi ko zare mai ƙarfi a samansa, tsakaninsu kamar santimita 30. Ba su kai raga ba, amma suna hana tsuntsu sauka da tashi yadda yake so. Ku kuma ɗora tsohon katako ko kwano a kan duwatsu, ƙasa-ƙasa, inda 'yan tsaki za su ruga in zakara ya yi kukan gargaɗi.

Kada ku ciyar da shi

Ku zuba tsaba a ƙarƙashin rufi, daidai abin da kaji za su cinye. Ku rufe shara. Fasasshen ƙwai ku kwashe shi nan take, mushen kaza ku binne shi da zurfi. Akwai wani dalili kuma: tsuntsayen daji da ke ci da sha a mazubin kaji suna iya kawo cuta, irin su murar tsuntsaye.

Mutum-mutumi, madubi, ko tsohon faifai mai ƙyalli suna tsorata hankaka na 'yan kwanaki ne kawai. In za ku yi amfani da su, ku riƙa sauya musu wuri.

Guba kuwa, don Allah ku nisance ta. Ba ta zaɓen wanda za ta kashe. Kajinku za su iya ci, kare ko kyanwa su ci, ungulu ta ci mushen ta mutu, yaro ma zai iya ɗauka. A ƙasashe da yawa doka ta hana sa wa tsuntsayen daji guba. Kuma hankaka yana da nasa amfanin: yana cin ƙwari da ɓeraye, in ya ga shaho ma yakan tara 'yan uwansa su kore shi.

Tambayoyi

1. Tsako ya ɓace cikin dare. Su wa za ku fara zargi?
2. Me ya sa ake barin kaji a akurki har hantsi?
3. Makonni nawa ya kamata a killace 'yan tsaki?

Aikin gida: Ku zagaya wurin kajinku da rana. Ku rubuta wurare 3 da tsuntsu zai iya shiga ta sama, da abin da za ku rufe kowanne da shi. Ku kawo takardar aji mu karanta tare.