Masu kaji, ku canza lokacin ba da abinci a bazara

Jama'a salamu alaikum. In zafi ya kama, ku daina cika ma kaji mazubi da rana tsaka. Ku ba su da asuba bayan salla, sannan da la'asar sakaliya in iska ta fara sanyi.

Bara a watan Afrilu na yi ta asarar dusa, ina zubawa suna tonewa da ƙafa kawai, har na ɗauka ciwo ne na tafi kasuwar Dole ta Damagaram neman magani, ashe ba ciwo ba ne.

Yunwa daga ƙwaƙwalwa take fitowa. Akwai wani ɗan wuri da ake kira haifotalamas, shi ke sakin sinadarin NPY mai sa a ji yunwa, ga kaza ga rago ga mu duka. Shi kuma ke lura da zafin jiki. Narkar da abinci na ƙara zafi, kaza kuwa ba ta gumi, sai haki baki buɗe fukafukai a sake. To a zafin Damagaram da ke wuce digiri 40, ƙwaƙwalwa sai ta rage mata sha'awar ci.

Ruwa dai kar ya yanke, a inuwa, ni na randa nake ba su.

Amma ban da 'yan tsaki, su kullum abinci a gabansu. Kuma in kaza ta ƙi ci har da sanyin safiya, tana gyangyaɗi ko zawo, ware ta ka nemi likitan dabbobi.