Yadda Ake Gano Sanadi Ta Hanyar Gwaji a Ilimin Halayyar Ɗan Adam

Ganin abubuwa biyu suna tafiya tare bai isa a ce ɗaya ne ya haifar da ɗaya ba. Yaron da ke yawan kallon faɗa yana iya zama mafaɗaci, amma ta yiwu dama can yana da zafin rai, shi ya sa kallon faɗan ke burge shi. Domin a raba gardama, sai mai bincike ya tsara gwaji, kamar yadda Albert Bandura da abokan aikinsa suka yi a Jami'ar Sitanfod ta Amurka a 1961.

Da farko, a tsayar da hasashe ɗaya wanda za a iya aunawa. Nasu shi ne, yaron da ya ga babba yana duka zai kwaikwaye shi.

Daga nan sai a sauya abu ɗaya tak, a bar sauran yadda suke. Sun raba yara 72, masu shekara 3 zuwa 6, gida uku, kowanne da yara 24. Rukunin farko sun ga babban mutum yana jibgar wata 'yar tsana da ake hura wa iska, har yana kwaɗa mata guduma a ka. Na biyu sun ga babba yana wasansa cikin natsuwa. Na uku ba su ga kowa ba, kuma da su ake gwada sauran.

Mataki na uku, wanda a ganina shi ne ƙashin bayan aikin, shi ne rabon yaran. Mai bincike ba ya zaɓa da son ransa, domin idan ya tara masu ƙiriniya a wuri guda, sakamakon ya lalace tun kafin a fara. Su Bandura sun sa an fara auna zafin ran kowane yaro a makarantarsu ta renon yara, suka haɗa masu kama da juna uku-uku, sannan aka bar ƙuri'a ta tura kowanne rukuninsa.

Sai a auna sakamako da ma'auni ɗaya ga kowa. An ɗan ɓata wa yaran rai ta hanyar hana su kayan wasa masu kyau, aka kai su wani ɗaki na minti 20, masu lura suna kallonsu ta gilashin da yaran ba sa ganin bayansa, suna rubuta abin da suka yi duk bayan daƙiƙa 5. Ya fi dacewa mai lura kada ya san rukunin yaron, don kada zatonsa ya rinjayi idonsa.

Yaran rukunin farko sun fi sauran dukan 'yar tsanar nesa ba kusa ba, wasu har da maimaita kalaman da babban ya furta. Sai dai a yi hattara wajen fassara: 'yar tsanar dama an yi ta ne don a doke ta ta dawo tsaye, saboda haka gwajin ya tabbatar da kwaikwayo a cikin wannan ɗaki, bai nuna cewa yaran za su je gida su doki ƙannensu ba.