Ire-iren jumla a Turanci: inda ɗalibanmu suka fi yin tuntuɓe da yadda za a gyara

Da wuya ka sami ɗalibin sakandare da bai haddace ire-iren jumlar Turanci ba. Ka tambaye shi, nan take zai zayyano maka: ta fuskar aiki akwai jumlar bayani, ta tambaya, ta umarni da ta motsin rai, ta fuskar gini kuma akwai sassauƙa, harɗaɗɗiya, sarƙaƙƙiya, da wadda ta haɗa biyun ƙarshen, wato waɗanda littattafai ke kira "simple", "compound", "complex" da "compound-complex". Amma ka miƙa masa takarda ka ce ya rubuta wa shugaban makaranta wasiƙa, sai ka ga haddar ba ta biyo shi cikin rubutun ba. Abin da na lura da shi shi ne, yawancin kurakuran nan ba daga rashin ƙwazo suke fitowa ba. Ginin jumlar Hausa ne, wanda yake daidai a wurinsa, ɗalibi ke ɗauka ya zuba masa kalmomin Turanci. Wanda ya gane inda harsunan biyu suka raba hanya, ya gama rabin gyaran.

Bari mu fara da kuskuren da ya fi kowane yawa, kuma ya fi cin maki. A Hausa muna jera aukuwa ɗaya bayan ɗaya da waƙafi kawai: "Audu ya tashi, ya yi alwala, ya tafi masallaci." Babu abin da ya rage a jumlar nan. Kalmar "da" ma sunaye take haɗawa, ba ma cewa "ya tashi da ya tafi". Sai ɗalibi ya rubuta "Audu woke up, he performed ablution, he went to the mosque." A Turanci wannan jumloli uku ne cikakku da aka ɗaure da waƙafi, kuma waƙafi shi kaɗai ba ya iya riƙe ganga tsayayye biyu. Ganga tsayayye shi ne sashen da yake da mai aikatawa da aikatau, kuma zai iya zama jumla ko babu kowa a gefensa. Gyaran yana da hanyoyi. Ko dai ka sa aya bayan kowanne, ko ka cire wakilin sunan da aka maimaita ka ce "Audu woke up, performed ablution and went to the mosque", ko kuma ka sa mahaɗi bayan waƙafin: "Audu woke up late, but he reached the mosque on time." Wannan ta ƙarshen ita ce harɗaɗɗiyar jumla. Mahaɗan da ke yin wannan aikin bakwai ne kacal: "for", "and", "nor", "but", "or", "yet", "so".

Ka lura babu "however" da "therefore" a cikin bakwai ɗin nan, kuma nan ne masu ƙoƙari ma suke faɗawa. "The fees were increased, however nobody complained" kuskure ne. A gaban "however" ana sa aya ko waƙafi mai ruwa, a bayanta kuma waƙafi: "The fees were increased; however, nobody complained." Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga mai rubuta jarrabawar WAEC, inda ake neman insha'i mai kalmomi 450 kuma aka ware maki 10 cikin 50 don kiyaye ƙa'idojin rubutu kaɗai. Kowane kuskuren aya da waƙafi ragi ne daga waɗannan goman. Ɗalibin da ke jera ganguna da waƙafi zai iya ƙarar da su tun bai kai tsakiyar shafi ba, alhali ra'ayoyinsa masu kyau ne.

Kishiyar wannan kuskure ita ce guntuwar jumla, wato a ɗauko ganga dogarau a sa masa babban baƙi a farko da aya a ƙarshe. "I did not attend the meeting. Because the road was bad." Ko kuma "Many youths have no jobs. Which is very dangerous." Akwai gwaji mai sauƙi da kowane Bahaushe zai iya yi. Ka ce wa mutum "Lokacin da na isa kasuwa" ka yi shiru, zai ce maka "Sai aka yi yaya?" Duk sashen da ya bar mai sauraro yana jiran ƙarasawa dogarau ne, kuma haka abin yake ga duk wanda ya fara da "because", "although", "when", "if", "since", "unless" ko "which". Ka manna shi a jikin tsayayyen da yake dogara gare shi: "I did not attend the meeting because the road was bad." Ka sami sarƙaƙƙiyar jumla ke nan. Idan dogarau ne ya zo a gaba, a sa waƙafi bayansa. Idan a baya ya zo, galibi ba a buƙata.

Akwai wata guntuwar da ta fi wuyar gani, wadda ba ta da cikakken aikatau. "The children playing in the field" ba jumla ba ce, don aikatau mai ƙarewa da "-ing" ba ya tsayawa sai da mataimaki: "The children are playing in the field." Haka nan Hausa tana da jumlolin da ba su da aikatau sam, kamar "Musa malami ne" ko "Gaskiya ne", kuma muna cewa "Ana ruwa" ba tare da mun ambaci kowa ba. Turanci kuwa dole ya cike gurbin mai aikatawa ko da babu wani takamaiman abu da ake nufi. Shi ya sa "Is true" da "Is raining" ba su cika ba sai an ce "It is true", "It is raining". Ita kuma "Am fine" da "Am coming" da suka cika WhatsApp, a bar su can. A wasiƙar neman aiki "I am" ake rubutawa, kuma mai karanta takardar yana lura.

Abin mamaki, harshen da ya sa ɗalibi ya yar da mai aikatawa a wani wuri, shi ke sa ya ninka shi a wani. A Hausa ba ma cewa "Mahaifina tafi gona", sai "Mahaifina ya tafi gona". Wannan "ya" ɗin wajibi ne. Daga nan "My father he went to the farm" ta fito. A cire "he". A sarƙaƙƙiyar jumla abin ya fi ɓuya. "Yaron da na ba shi kuɗi ya dawo" Hausa ce tsantsa, amma "The boy that I gave him money has returned" kuskure ne, saboda "that" ta riga ta tsaya a madadin yaron, "him" ta zama ƙari. A ce "The boy I gave money to has returned", ko a rubutu na hukuma "The boy to whom I gave money has returned."

Sai kuma tagwayen mahaɗai. "Ko da yake ya yi karatu sosai, amma bai ci ba" tana da daɗin ji a kunnenmu, har ma in babu "amma" sai mu ji kamar an rage wani abu. Turanci ba ya yarda da "although" da "but" a haɗa ganguna biyun nan tare. Ka zaɓi ɗaya: "Although he studied hard, he failed", wadda sarƙaƙƙiya ce, ko "He studied hard, but he failed", wadda harɗaɗɗiya ce. Hukuncin ɗaya ne ga "since" da "so", ko "because" da "therefore".

Da yawa suna zaton tsawo ne ke bambanta sassauƙa da sarƙaƙƙiya, kuma wannan zaton yana kayar da mutane a tambayoyin zaɓi. "The tall young trader in the blue gown from Funtua bought ten bags of maize at the market yesterday" sassauƙa ce duk da tsawonta, don aikatau ɗaya ne a ciki, "bought", mai aikatawa ma ɗaya. "I left because he came" kalmomi biyar ne, amma sarƙaƙƙiya ce. Kada ka ƙirga kalmomi. Ka ja layi ƙarƙashin kowane aikatau da ke ɗauke da lokaci, ka nemo mai aikata shi, sannan ka duba wace kalma ce ta haɗa gangunan. Wannan ɗabi'ar ce kuma za ta taimake ka a sashen fahimtar karatu, inda ake ciro wani yanki a tambaye ka sunansa na nahawu da aikinsa. In akwai cikakken aikatau a yankin, ganga ne. In babu, yankin jumla ne kawai.

Mu koma jumlar tambaya, don a nan ne kuskure ke fita daga takarda ya shiga rayuwa. A Hausa, "Ka ci abinci" da "Ka ci abinci?" jerin kalmominsu ɗaya ne, murya ce ke bambanta su. Turanci kuwa yana juya jerin: mataimakin aikatau ya wuce gaban mai aikatawa. "You have eaten" ta koma "Have you eaten?" Saboda haka "Why you are late?" da "Where you are going?" sai a gyara su zuwa "Why are you late?" da "Where are you going?" In babu mataimaki a jumlar, a aro "do", "does" ko "did", kuma da zarar an aro, lokacin ya koma kansa, aikatau ya dawo siffarsa ta asali: "Did you go?", ba "Did you went?" ba. Ba a aro idan aikatau ɗin "am", "is", "are", "was" ko "were" ne, haka kuma idan mai aikatawar ne ake tambaya: "Who broke the cup?"

Ɗalibin da ya koyi wannan juyin yakan wuce gona da iri, ya juya har inda bai kamata ba. "Please tell me where is the office?" da "He asked me what was my name?" duk kuskure ne. Tambayar da aka saka cikin wata jumla tana komawa jerin bayani: "Please tell me where the office is." "He asked me what my name was." Alamar tambaya ma ta tafi, don ta farkon roƙo ce, ta biyun kuma bayani. Hausa ma tana yin irin wannan sauyin: muna cewa "Ina ofishin yake?" amma "Faɗa mini inda ofishin yake." Wanda ya san ba ya cewa "faɗa mini ina ofishin yake" a rubutu mai kyau, ba zai sha wahalar gane dokar Turancin ba.

"Ko ba haka ba?" tana bin kowace jumla a Hausa ba tare da ta sauya ba, shi ya sa "isn't it?" ta zama abin liƙawa ko'ina. A Turanci wutsiyar tambaya tana ɗaukar mataimaki da wakilin sunan jumlar da take bi, ta kuma juya kore da tabbatarwa: "You are coming, aren't you?", "She didn't call, did she?", "They left, didn't they?" Akwai 'yan kaɗan da sai an haddace, irin su "I am right, aren't I?" da "Let's go, shall we?", kuma masu shirya tambayoyin zaɓi suna son su.

Wanda ya fi damuna a cikinsu duka shi ne amsa korarriyar tambaya. In aka ce maka "Ba ka sha maganin ba?" kuma ba ka sha ba, za ka ce "I, ban sha ba." Kana gaskata mai tambayar ne. Bature ba ya duban mai tambaya, abin da ya faru yake duba. In likita ya ce "Didn't you take the medicine?" ka ce "Yes", ya ji cewa ka sha. Ka yi tunanin wannan a asibiti, ko gaban alƙali, ko a hirar neman biza. Dokar ita ce, "yes" tana tafiya da tabbatarwa, "no" tana tafiya da kore, kowace irin siffa tambayar ta zo da ita. Kuma hanyar tsira ita ce ka ƙarasa amsar koyaushe: "No, I didn't" ko "Yes, I did." "Yes, I didn't" babu ita a Turanci.

Jumlar umarni ginin ta da sauƙi: aikatau a siffarsa ta asali, ba a ambaci mai aikatawa ba, a kore kuma da "don't". Matsalarta ta ladabi ce. Ɗalibin da ba zai taɓa ce wa malaminsa "Turo mini sakamakona" ba sai ya gaishe shi ya ce "Allah gafarta malam, don Allah", shi ne zai rubuta "Sir, send me my result" ko "I want you to sign my form", bai san ya yi tsawa ba. A Turanci ana sanya roƙo cikin rigar tambaya: "Could you please send me my result?" ko "Would you mind signing my form?" Siffar jumla daban, aikinta daban, kuma girmamawar da muke sawa a gaisuwa da laƙabi su a ginin jumlar suke sa ta.

Jumlar motsin rai ba ta da yawan rigima. Tana farawa da "what" ko "how", amma ba a juya jerin kamar tambaya: "How beautiful the house is!", ba "How beautiful is the house!" ba. "What a" kuma sai da suna tilo da ake iya ƙirgawa, don haka "What a good news!" kuskure ne, "What good news!" ake cewa. A wasiƙar hukuma da rahoto, gara a bar alamar motsin rai gaba ɗaya.

A sashen taƙaitawa na WAEC da NECO, umarnin yakan ce a ba da amsa cikin jumloli. Idan aka tambaye ka dalilan ƙaura zuwa birni ka rubuta "Lack of jobs in the villages", ka gano amsar amma ba ka rubuta jumla ba, kuma za a rage maka maki. Ka ba ta mai aikatawa da aikatau: "People move to cities because there are no jobs in the villages."