Yadda Ake Bin Diddigin Manyan Zaɓuɓɓukan San Antonio Spurs

Duk mai son fahimtar yadda ƙungiyar ƙwallon kwando ta San Antonio Spurs ta gina kanta, ya kamata ya fara da zaɓen sabbin 'yan wasa da NBA, babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka, take gudanarwa kowace shekara, wanda ake yi zagaye biyu. Tun daga 1985, ƙuri'a ce take raba wanda zai fara ɗauka a tsakanin ƙungiyoyin da suka kasa kaiwa wasannin neman kofi, kuma sau uku ƙuri'ar ta faɗa kan Spurs: ta ɗauki David Robinson a 1987, Tim Duncan a 1997, sai Victor Wembanyama ɗan Faransa a 2023.

Idan ka rubuta waɗannan sunaye, sai ka sa sakamakon kakar da ta gabaci zaɓen kusa da kowanne, domin a nan ne dalilin yake. A kakar 1996 zuwa 1997, Robinson ya yi fama da ciwon baya, sannan ya karye a ƙafa, har wasa shida kacal ya buga, ƙungiyar kuwa ta ci wasa 20 ta sha kashi a 62. Wanda bai san wannan ba zai ɗauka cewa Duncan ya tarar da ƙungiya ce wadda ba ta da kowa, alhali kuwa ya tarar da gwarzon da yake murmurewa. Shi ya sa a kaka ta gaba suka ci wasa 56, a 1999 kuma suka ɗauki kofinsu na farko.

Daga nan ka bambanta shekarar zaɓe da shekarar fara wasa. Robinson bai sa rigar Spurs ba sai 1989, saboda sai da ya yi shekara biyu yana aikin sojan ruwa na Amurka, don haka kuskure ne a ɗora masa alhakin kakannin da bai taka fili ba. Da zuwansa, nasarorin ƙungiyar suka tashi daga 21 zuwa 56.

A ganina, matakin da ya fi muhimmanci shi ne a sauka zuwa ƙasan jerin, inda ido bai cika kaiwa ba. Manu Ginobili ɗan Ajantina shi ne na 57 a 1999, Tony Parker kuma na 28 a 2001, kuma da su Duncan ya ɗauki kofunan 2003, 2005, 2007 da 2014. Haka nan dole ne ka duba musayar da aka yi a daren zaɓe, domin jerin yakan nuna ƙungiyar da ta kira sunan ɗan wasa ne kawai. Indiana Pacers ce ta zaɓi Kawhi Leonard a matsayi na 15 a 2011, amma a daren aka miƙa shi ga Spurs a musayar George Hill, kuma Leonard ɗin aka ba kyautar gwarzon wasannin ƙarshe na 2014.