Yadda Ake Gane Adon Harshe a Baiti

Idan baiti ya zo hannunka, fara da neman kalmomin kamance: kamar, tamkar, awa, ya fi, bai kai ba. "Sarki ya kafu kamar Dala" kamancen daidaito ne. "Ya fi Dala kafuwa" fifiko ne, "bai kai Dala ba" kuwa kasawa. Ka cire "kamar" ka ce "Sarki Dala ne", ka shiga siffantawa ke nan. A nan ɗalibai suka fi tuntuɓe, domin hankalinsu yana kan kyan hoton, sai su manta da kalmar da ta ƙulla shi.

A jinsintarwa, wato ba wani abu halin wani jinsi daban, tambayi kanka halin wa aka ara, kuma wa aka ba. "Kasuwar Kurmi ta yi murmushi" mutuntarwa ce, amma "ɗan dambe ya yi gurnani" dabbantarwa ce, tunda gurnani na zaki ne.